Katin Marigayi Ishaƙ

Da aka sauko daga masallacin Juma'a, Alhaji Sha'aibu ya tarar an ɓalle kwaɗon akwatinsa a shagon hatsinsa da ke Maigatari. Rediyo na nan, waya na nan. Karta kaɗai aka ɗauka, tsohuwar kartar amininsa Ishaƙ, wanda ya rasu bara.

Kafin Sufeto Muhsina ta iso, har an tsare Zayyad mai shayi, domin shi aka bari gadin layin.

Ta duba akwatin. Katuna ishirin daga kartar aka bari a ciki, an jera su tsaf, daga mai biyu zuwa mai shida.

"Baba, wane wasa kuke yi da ita?"

"Bilot. Ishaƙ ne ya kawo mana shi daga Damagaram. Mutum huɗu, biyu-biyu. Kowa ya jefa ɗaya, mai babba ya kwashe." Ya kalli tabarmar da ke naɗe a lungu. "Tun da ya tafi ba mu sake shimfiɗa ta ba."

Ta juya ga Zayyad. "Kati nawa ake raba wa mutum a bilot?"

"Ranki ya daɗe, ni wot na iya. Kartarsa ma daban ce."

Ta miƙa masa katunan, ya riƙe su yana neman tauraro da da'ira irin na kartar wot. Ta ce a sake shi.

Saura abokan wasa biyu. Malam Abdurra'uf idonsa ya mutu, ya koma wurin ɗansa a Gagarawa. Saifuddeen tela kuwa sahu ɗaya suka yi salla da Alhaji.

"To, duk garin nan babu wanda ya iya sai mu," in ji Alhaji.

"Marigayi ya fi ku iyawa?"

"Nesa ba kusa ba. Kullum da sabuwar dabara yake zuwa, wai a gida ya gwada."

"Da wa?"

"Ban taɓa tambayarsa ba," in ji Alhaji.

Muhsina ta yi sallama a gidan marigayin. Matarsa, Inna Juwairiyya, na zaune a gindin darbejiya. Ba ta ɓoye komai ba. Katunan na gabanta, an raba hannu biyu, ɗaya a kife a wurin da babu kowa.

"Inna, da ɓarawo ne, duka zai kwashe. Wanda ya tsaya ya ware ƙananan, ya san bilot ba ya amfani da su. Kuma ya san lokacin da maza ke masallaci."

"Na aika sau biyu a roƙa mini," in ji ta. "Alhaji ya ce me mace za ta yi da karta. Ishaƙ bai taɓa faɗa musu ba, kada su yi masa dariya. 'Yata, tun ina amarya muke bugawa bayan la'asar."

Ta ɗaga wani kati da gefensa ya yi baƙi. "Nan babban yatsansa ke zama."

Da Alhaji ya ji, sai ya janye ƙara, ya je ya ba Zayyad haƙuri a gaban jama'a.

Da Muhsina ta koma sanar da ita, Inna Juwairiyya ta nuna mata wurin da babu kowa.

"Zauna ki ɗauki nasa. Na gaji da sanin abin da ke hannunsa."

Muhsina ta cire takalmi.