Gaisuwar da Aka Kai Gamkalley

Ranar da Hadiyya ta sauka a gidan kawunta a unguwar Maourey ta birnin Yamai, zaman kurame ta yi a tsakar gida. Inna Salamatu, matar kawun, ta ajiye mata dambu da zogale tana yi mata sannu da Zabarmanci, "Fofo ɗiyata, fofo!" Ita kuwa ba ta san amsar da za ta bayar ba. Daga Gusau ta taso don karatun Faransanci a jami'ar Yamai, tana ganin ai duk ƙasar Hausa ce, babu wani baƙunci. Ashe a nan magana ɗaya sai a fara ta da Hausa, a ratsa ta Zabarmanci, a dire ta da Faransanci.

Kawu Isaka, wanda tela ne, ya dubi 'yarsa Nafissa ya ce, "Kin gani ko? Ɗiyar ƙanwata ta ƙetaro ƙasa don ilimi, ke kuwa bak ɗin nan ta gagare ki!"

Nafissa ta sunkuyar da kai, amma ta riƙe maganar a ranta. Jarrabawar ƙare sakandaren nan dama ita ce gyambonta.

A makaranta malamai suna zuba Faransanci kamar ruwan sama, Hadiyya ba ta tsintar komai. Kullum sai ta yi hawaye a taksi idan tana ƙetare gada zuwa gida. Nassirou ne ya cece ta, wani ɗan ajinsu mai sanyin hali, wanda mahaifiyarsa Bazabarma ce mai lambu a unguwar Gamkalley. Ya riƙa maimaita mata darasi a gindin bishiya, tun ana karatu har zukata suka shiga ciki. Wata rana ya ce, "Ina so ki zo ki gaida Innata. Ba ta jin Hausa sosai, amma idan kika gaishe ta da harshenta, kin gama da ita."

Hadiyya ta dawo gida da murna. "Don Allah Anti Nafissa, koya mini gaisuwar surukai!"

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Nafissa tana murmushi. Ta koya mata wasu kalmomi, ta sa ta maimaita har suka zauna mata.

A Gamkalley, Hadiyya ta durƙusa har ƙasa gaban tsohuwa, ga maƙwabta zaune, ta faɗi abin da ta haddace da murya mai daɗi. Tsohuwa ta miƙe ta kaɗe zaninta ta shige ɗaki.

"Hadiyya!" Nassirou ya dafe kai. "Kin san me kika ce? Cewa kika yi, 'Tsohuwa mai baƙin kwaɗayi, na zo karɓe ɗanki!'"

Tsohuwa ta rantse yarinyar nan ba za ta sake taka mata gida ba, ta kuma hana ɗanta kula ta. Shi kuwa ba mai tsallake maganar uwa ba ne. A aji sai dai ya dube ta ya kau da kai.

Hadiyya ta sami Nafissa a ɗaki tana ƙunshi. "Me na yi miki?"

"Pardon, madam mai ilimi," ta ce tana dariya. "Na zaci kin san komai!"

"Wallahi sai na rama! Ko da zan bar Yamai a kansa, sai kin ɗanɗana abin da na ɗanɗana!"

Ba ta kai ƙara wurin Kawu ba, don faɗan baki ba zai huce mata ba. Ta haɗiye abin, ta koma dariya da Nafissa, tana wanke mata kaya, tana jiran rana.

Ranar kuwa ta zo. Wata ƙungiyar agaji ta kira Nafissa intabiyu, aikin tarbar baƙi, kuma sai an ji ɗan Ingilishi a bakinta. Ta zo wurin Hadiyya neman taimako tana kame-kame. "Ƙanwata, abin da ya wuce ya wuce, ko?"

"Haba Anti, no wahala!"

Hadiyya ta zauna ta tsara mata jawabi. Ta sa ta haddace, da Ingilishi mai santsi, cewa ita malalaciya ce, ba ta son baƙi, kuma hannunta ba ya ganin kayan mutane ya ƙyale. Duk lokacin da Nafissa ta maimaita tana gyara murya, sai Hadiyya ta ji sanyi har cikin ƙashinta.

Da safiyar ranar, Kawu Isaka ya fito da sabuwar riga da ya ɗinka wa Nafissa. Hadiyya ta lura ɗinkin wuyan ya karkace, shi da ake yabon hannunsa a duk unguwar. Ya murza idanunsa ya ce, "Idon nan ya fara ƙi, Hadiyya. Ramin allura ma sai an zura mini. Idan yayarki ta sami aikin nan, gidan nan ya tsaya. Allah ya yi miki albarka da kika taimake ta."

Hadiyya ta dube shi. Mutumin da ya ba ta ɗaki da abinci bai taɓa yi mata gori ba, shi za ta soka? Nafissa har ta tsayar da taksi. Hadiyya ta fita a guje ba ko takalmi, ta riƙe ƙofar motar.

"Kada ki faɗi ko kalma ɗaya! Duk zagin kanki na koya miki!"

Hawaye suka zubo wa Nafissa. Hadiyya ta shiga motar haka, ta yi ta cusa mata jawabin gaskiya har ƙofar ofishin.

Da aka fito, Nafissa ba ta nufi gida ba. Sai ta ja Hadiyya zuwa Gamkalley, ta durƙusa cikin lambu gaban tsohuwa ta faɗi komai da Zabarmanci tana kuka. Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙafafun Hadiyya da suka yi buɗu-buɗu da ƙura, sannan ta cire takalminta ta tura mata, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Sa, ɗiyata. Rana da zafi."

Nafissa ta sami aiki. Bayan Hadiyya ta kammala shekararta ta farko, magabatan Nassirou suka tafi Gusau neman aure.

Mai ramuwa yakan auna mutum ɗaya, amma kibiyarsa ba ta zaɓen wanda za ta soka. Wanda ya danne zuciyarsa a ranar da ya sami iko, Allah ne yake rama masa, kuma da alheri.