Ƙwayar Da Ba A Dakawa

"Ɗungurungum na ce ya riƙa haɗiye ta, Yallaɓai. Kar ya tauna, kar ya ɓara. Maganina ba jabu ba ne!"

Insfekta Sadisu ya dubi Felicia, mai kemis a Sabon Gari. Tun da aka tsinci gawar Alhaji Kyari, wani tsohon ɗan kasuwar atamfa, a ɗakinsa da ke Fagge, take tsare a bayan kanta a caji ofis, babu wanda ya zo ko leƙa ta. Ƙanwar mamacin, Hajja Yagana, ita ta kawo ƙara cewa maganin hawan jinin da Felicia ta sayar masa ne ya kashe shi.

Daga caji ofis ya wuce asibiti.

"Maganin mai kyau ne," in ji likitan da ya duba gawar. "Irin wanda aka yi wa riga ne, ya riƙa narkewa a hanji kaɗan-kaɗan har wuni ya ƙare, hanta na tace shi a hankali. Amma a jinin wannan bawan Allah, gaba ɗaya ya afka lokaci guda. Jininsa ya faɗi, zuciya ta kasa."

"Me ke kawo haka?"

"In an yaga rigar."

Insfekta ya tarar da gidan na Fagge shiru, sai ƙarar adaidaita daga titi. 'Yan gaisuwa sun watse. Hajja Yagana na zaune ita kaɗai a tabarma, takalman yayanta na bakin ƙofa inda ya cire su.

"Hajja, yaya ya sha maganin ranar?"

"Da ruwa. A gabana ya haɗiye."

"Kullum haka?"

"Kullum, ɗan nan."

Insfekta ya nemi ruwan sha, ya bi ta madafi. A bayan kwanuka ya hango ɗan turmin dakan citta. Ya shafa cikinsa da yatsa. Farin gari, da ɓurɓushin ɓawo ruwan hoda, irin launin ƙwayar.

"Cittar gidan nan fara ce, Hajja?"

Kofin da ke hannunta ya suɓuce.

"Ƙin sha yake yi," ta ce. "Tun rasuwar matarsa ya ce ya gaji da magani, ya gaji da komai. Sai in ga ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa. Shi kaɗai ya rage min a duniya. Ranar sai na tattara na kwanakin da ya tsallake, na daka, na zuba masa a kunun gyada, kamar yadda muke wa yara. Har cewa ya yi kunun ya yi daɗi."

"Sai kika ɗora wa Felicia."

"In ba ita ba ce, to ni ce. Ta yaya zan kwana a gidan nan in ni ce?"

Insfekta ya daɗe yana kallon takalman. Kofur ɗin da ya rako shi ya matso da ankwa, Insfekta ya ɗaga masa hannu.

"Mayar da wannan aljihu. Kira ofis, a saki Felicia yanzu, da kaina zan je in ba ta haƙuri. Hajja, ɗauki mayafinki, ki kulle gidan. Da bakinki za ki maimaita wannan maganar a ofis, ni kuma zan zauna tare da ke har ki gama."