Ƙahon Tsaga

Tsaga, yau kwana arba'in da mutuwarki, amma har yanzu in na bi ta gona sai in ga hannuna yana tsinkar ganyen wake, kamar akwai mai ci.

Kowa a ƙauyenmu ya san labarinki yadda na ba da shi. Na ce na tarar da ke a bayan gonarmu, 'yar barewa ko tsayuwa ba ki iya ba, kina lasar uwarki da wayar tarko ta shaƙe. Na binne uwar a gindin tsamiya, na rungumo ki zuwa wurin Baba Ikrima, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya killace fili a hanyar Makoda yana jinyar namun daji masu rauni. Da ya ga tsagar kunnenki sai ya ce:

"Hadi, wannan tana da mai ita. Aljanu ne ke yi wa dabbobinsu wannan alama. Ka riƙe ta amana."

Shekara biyu ina zuwa kullum. Da nonon akuya a kwalba na raine ki. In kin ji ƙarar kekena sai ki taho da gudu, ki cusa hanci a aljihuna. Ran da ciwon ciki ya kayar da ke, a cinyata kika cika. Baba Ikrima ya bar ni in rufe ki, ni kuwa na kasa rabuwa da ke gaba ɗaya. Na sa zarto na yanke ƙahonki na hagu, na ɓoye a ƙarƙashin katifata.

Kwana uku bayan haka, rana ta yi ja, Inna na tankaɗe a tsakar gida, ƙanwata Tahira na kora kaji akurki. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakina. Sai wani. Babanmu ya zagaya da sanda, babu kowa. Ya ɗauki dutsen, ya yar da sauri. Da ɗumi, kamar daga murhu ya fito.

Magariba uku ana haka. A ta huɗu Tahira ta ajiye tsintsiya, ta zo ƙofar ɗakina tana shinshinar ƙasa. Inna ta kira ta, ta waiwayo, amma idon ba nata ba ne. Ta daina ci. Wani siririn jan layi ya zagaye wuyanta, kamar sawun waya.

Babanmu ya ɗauko Malam Sha'aban daga Zakirai a kan babur. Bayan la'asar ya zauna, ya dafa kanta, ya fara karatu. Kaji ma suka yi tsit. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin Tahira.

"Ka sassauta, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Makiyayiya ce ni. An kashe mini uwar barewa, na yi haƙuri don an raini 'yar. Yanzu 'yar ta dawo mini da ƙaho ɗaya. Ku mutane, ko gawa ba kwa mayarwa cikakkiya?"

Na shiga ɗakina na ɗauko ƙahon. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati.

Malam ya ce, "Ga shi. Ki fita, don girman Allah."

"A kai gindin tsamiya, wurin uwar. Saura wanda ya ɗana waya."

"Wane ne shi?"

Kan Tahira ya juyo a hankali, ya tsaya a kaina. 

"Na bar shi," in ji muryar. "Akwai nonon da ya biya masa."

Tahira ta yi atishawa sau uku, ta zube a tabarma, sannan ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Babu wanda ya tsaya a kan maganar nonon. Babanmu ya share ƙwalla, ya ɗaga hannu sama.

"Wanda ya ɗana tarkon nan ya ja wa 'yata wannan azaba, Allah ya isa tsakanina da shi."

Kowa ya ce amin. Ya dube ni. Ni ma na ce amin.

Tsaga, zomaye ne suka dame mu a gonar wake a shekarar nan. Da hannuna na murɗa wayar, da hannun da kike lasa. Na kai ƙahon kafin rana ta faɗi, jifa ya tsaya, layin wuyan Tahira ya baje. Baba Ikrima yana ta aike in zo, wai an kawo wata gada mai karyayyar ƙafa, kuma babu mai hannun raino irina. Ban je ba.

Ke kaɗai na faɗa wa. Har yau ban faɗa wa ɗan Adam ko ɗaya ba.