Shorena da Mai Katafila

Ranar da Shorena ta fara ganin Ramaz, ƙafarsa kawai ta gani, cikin wani ƙaton takalmin roba, tana reto daga ƙofar katafila.

Motar hayar da ta ɗauko su daga Khulo ta tsaya tun hantsi, don ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta rufe hanyar Batumi ruf. Motoci sun yi layi a baya. Maza sun fita suna shan taba suna zagin masu gyaran hanya, mata na ciki sun cusa hannu a hammata. Shi mai katafilar an ce ya dakata, sai dutsen ya gama zubar da abin da ke kansa.

Shorena nas ce, sabuwar ɗauka. A farkon sanyin nan aka turo ta asibitin Khulo da ke kan duwatsu, yau za ta hutu gida Batumi, can bakin teku. Wata tsohuwa da ke kusa da ita a motar ta daina surutu, leɓenta ya soma canja launi. Shorena ta taɓa hannunta, ta sauka ta nufi katafilar.

"Mai motar nan, akwai ɗumi a ciki?"

Ya leƙo. Dogo ne, hancinsa ya yi ja. "Akwai. Amma kujera ɗaya ce, kuma ina kai."

"To sauko. Akwai tsohuwar da sanyi ke neman kashewa."

Ya dubi takalminta na gayu da ya riga ya jiƙe. "Ke 'yar bakin ruwa ce, ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Mu nan ko akuya ba ma bari ta fita a haka."

Ya diro, ya goyo tsohuwar har cikin katafila, ya zuba mata shayi daga filas. Su biyun suka tsaya a ƙasa cikin ƙanƙara, ta taka wannan ƙafa ta ɗaga waccan. Can ya ciro safar hannunsa ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba.

Da yamma ya buɗe hanya. Kafin motarsu ta tashi ya zo taga ya ce ta ba shi lambarta, wai ko tsohuwar za ta sake jin sanyi.

"Tsohuwar ba kakata ba ce," in ji Shorena.

"Ni ma ba tawa ba ce. Ba ni dai."

Ta ba shi.

Sati na zagayowa, tana duba marasa lafiya saƙo ya shigo.

"'Yar bakin ruwa, na share hanya har ƙofar asibitinku. Ba a sa ni ba. In shugabana ya tambaya, ki ce wani mara lafiya ne ya roƙa."

Ta rubuta: "Wane mara lafiya?"

"Ni."

Haka sanyin ya tafi. Yakan zo da cukwi daga wurin kakarsa, wadda kowa ke kira Nene, ya ajiye a teburin nas-nas ya fita kamar wanda ya yi laifi. Ranar da ba aiki su zauna a ƙaramin shagon abinci na kusa da tasha, ya sa a narka musu cukwi a man shanu, su ci da burodi. Ita tana ce masa Katafila. Shi ya fara da 'yar bakin ruwa, ya koma "raina", da farko a saƙo kawai, daga baya har a baki.

Wata rana ta tambaye shi ko ba ya tsoron dutsen.

"Ina tsoro mana. Amma in ban fita ba, ƙauyuka nawa ne za su zauna ba burodi ba magani?"

"In ka fita ba ka dawo ba fa?"

"Sai ki auri mai shagon nan. Ya iya girki."

Ba ta yi dariya ba. Ya lura, ya kama hannunta.

Shekara ta zagayo kafin ta faɗa a gida. Babanta Jemal yana da jirgin kamun kifi, a sanyi yake samun abin da za a ci shekara, don lokacin ne ƙananan kifi ke cika teku. Ya ji ta har ƙarshe, ya tambayi sunan uban yaron da ƙauyensu, ya ci gaba da gyaran ragarsa.

Mamarta Guliko ce ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

"Me kika ce aikinsa?"

"Yana share hanya, Mama."

"Wato ranar da rediyo ya ce kowa ya zauna a gida, ranar ce shi zai sa takalmi."

"Baba ma ai haka yake."

"Shi ya sa nake miki magana. Tun kafin a haife ki nake tsaye a tagar can ina kallon ruwa. Ba zan haifi 'ya in kai ta wata tagar ba. Ga Beka nan, me ya rasa?"

Beka ɗan maƙwabtansu ne, manaja a wani otal na bakin teku. Ba shi da aibu. Yana gaishe da mutane, yana dawowa gida a kan lokaci, kuma tun suna makaranta idonsa ke kan Shorena. Abin da ya rasa ɗaya ne, in ya yi magana hankalinta na wani wuri.

Jemal ya ce a bar yaron ya zo a gan shi. Ramaz ya zo da kwat ɗin da ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Aka soya kifi, ya ci yana fama da ƙaya, Jemal na kallonsa yana danne dariya. A ƙarshe aka tsayar cewa manyansa za su sauko neman aure wata Lahadi a watan Fabrairu.

Guliko ta raka shi har bakin ƙofa. Shorena na bayan labule, ta ji komai.

"Ɗana, ban ƙi ka ba. Amma ba za ka zo ranar nan ba, dutse ba zai bari ba. In ma ya bari yau, akwai ranar da ba zai bari ba. In son gaskiya kake mata, ka ƙyale ta."

Ramaz ya tsaya yana juya hularsa. Ya ce, "Na ji, Mama." Ya tafi.

Bayan wannan saƙonninsa suka gajarta. In ta tambaya ya ce aiki ne.

Ana gobe Lahadin guguwa ta taso. Teku ya riƙa tsallake shinge yana watso duwatsu kan titi, ya fasa gilasan shaguna. Aka rufe tashar jiragen ruwa, aka ɗauke wuta. Jirgin Jemal ya riga ya fita tun kafin iska ta juya, kuma bakin tashar bai shiguwa, sai dai ya tsaya can nesa ya ba igiyar ruwa gaba. A sama kuwa ƙanƙara take zuba ba tsayawa.

Da safe, Guliko na dafa abincin baƙin da ta ce ba za su zo ba, wayar Shorena ta yi ƙara.

"Kada ki jira ni. Mamarki ta yi gaskiya."

Ta karanta a tsaye. Ta zauna ta sake karantawa. Ta kira, a kashe. Ta rubuta: "Katafila, me kake nufi? Yau ko har abada?" Saƙon bai tafi ba.

Ta miƙa wa mamarta wayar. Guliko ta duba, ta mayar mata. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta sauke tukunya kawai.

Da rana Beka ya zo da kyandir da ruwan sha da burodi, ya toshe musu tagar da iska ta ɓalle. Da ya ji abin da ya faru ya zauna nesa kaɗan da Shorena.

"Namiji in ya rubuta haka ya gama magana," in ji shi. "Ba na murna, Shorena. Amma ni ina nan. Kullum kin san inda nake."

"Na sani, Beka. Na gode da burodin."

Ya gane. Ya ɗauki hularsa.

Gidansu taga biyu gare shi masu amfani. Ta kicin tana kallon teku, ta ɗakin Shorena tana kallon duwatsu. Lahadi ta wuce, Litinin ta zo. Guliko na tsaye a tata. Da ta gaji ta leƙa ɗakin 'yarta don ta ce ta zo ta ci abinci, sai ta same ta a tsaye, goshi jingine da gilashi, hannu ɗaya riƙe da waya. Ko dutsen ba a gani don hazo. Guliko ta daɗe a bakin ƙofa, sannan ta koma tagarta.

Ranar Talata iska ta kwanta. Jemal ya shigo da hannuwa duk a tsage, ya zube a kujera ya ce a ba shi shayi. Ba a gama zuba masa ba Manana ta kira, abokiyar aikin Shorena a Khulo.

"Sai yanzu waya ta dawo. Kin ji labarin mutuminki?"

"Wane labari?"

"Au, ba wanda ya gaya miki? Ranar Lahadi wata mata naƙuda ta zo mata da gardama a ƙauyen sama. Shi ya shiga gaban motar asibiti yana buɗe hanya. Sun sauko da ita lafiya, ya juya zai koma sai dutse ya sake zubowa, ya ture katafilar cikin kwari. Sai da mutanen ƙauye suka haƙo shi da shebur. Yana da rai. Ɗazu aka wuce da shi babban asibiti nan wajenku."

Shorena ta ajiye wayar a hankali. Ta faɗa musu a taƙaice, muryarta ba rawa. Kafin ta rufe baki Guliko ta ɗauko rigar sanyinta.

"Tashi mu je. Jemal, miya na kan wuta, kai ma ai kana da hannu."

Sun same shi ƙafa a rataye. Ƙashin cinya ya karye, sanyi kuma ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, an cire. Da ya ga Shorena ya yi yunƙurin gyara gashinsa.

"Raina."

"Kada ka ce min raina. Wane irin saƙo ne wannan?"

"Hanya nake nufi. Na ce Mama ta yi gaskiya dutse ba zai bari ba. Ina cikin rubuta sauran aka kira ni." Ya kalli silin. "Amma da nake kwance a ƙarƙashin abin nan, na yi tunani. Ɗayar maganar tata ma, ta cewa in ƙyale ki, gaskiya ce."

"To ka daina tunani, bai karɓe ka ba."

Guliko ta jawo kujera ta zauna. Ta dubi ƙafar, ta dubi fuskarsa.

"In ka warke, za ka bar aikin?"

Shorena ta yi masa alama da ido. Ya gani, ya kau da kai.

"A'a, Mama. In na ce zan bari, ƙarya na yi miki."

"Ubanta ya ce min zai bar teku tun muna ango da amarya." Ta gyara ɗankwalinta. "Na so in raba ta da zaman jira. Na ga ta riga ta fara, ba aure ba komai. Kuma da abu ya same ka, a bakin ƙawa ta ji, bayan kowa ya sani. Gara ta zama matarka, ita za a fara kira."

Ramaz ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka gode min. Ka ce wa manyanka su zo in ƙanƙara ta narke. Kuma a saya maka kwat daidai kai."

Aka yi bikin a watan Yuni, a ƙauyensu Ramaz, lokacin da ciyawa ta rufe duwatsu. Jemal, wanda teku bai taɓa juya wa ciki ba, sai da aka tsaya masa ya yi amai a kusan kowace kwana ta hanyar dutse. Mutanen ƙauye suka ji, suka yi ta tsokanarsa har aka watse. Beka ya aiko da kyauta, bai zo ba. Matar da aka sauko da ita ran guguwa ta zo da jaririyarta a kafaɗa.

Liman ya ɗaura aure da hantsi, ya yi addu'a aka shafa. Da aka fara kiɗa ango ya tashi rawa yana ɗingishi, abokansa na cewa dama can ba iyawa ya yi ba. Shorena ta zagaye shi a hankali, ta daidaita takunta da nasa.

Da za a shigar da amarya ɗaki, Nene ta tare ƙofa. Ta kama hannun Shorena ta haɗa da na jikanta, ta riƙe su da nata biyun.

"Allah ya sa ku tsufa tare. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irin wannan ba. Duk wanda a cikinku ya fita, Allah ya dawo da shi da ƙafarsa."

Aka amsa da amin. Guliko na can baya kusa da mijinta, ita ce ta ƙarshe da ta sauke hannu.