Bencin da Rahila Ta Zauna

Rahila ta shigo gidansu na Gummi ta jefar da jaka a kan tabarma, ko gaisuwa babu. Mahaifinta, Baba Ishaku, dattijo ne a ikilisiyarsu, yana zaune yana gyaran rediyo.

"Ke, mi ya faru a Anka?"

"Baba, cocin su Filibus na je. Da aka zo Jibin Ubangiji, lokacin karɓar gurasa mai tsarki, sai aka ce in zauna, ni ba 'yar Katolika ba ce! Kowa ya tashi, ni kaɗai a benci. Shi ko ya je ya durƙusa kafaɗa da kafaɗa da Sisiliya, wadda Innarshi ke so ya aura!" Ta fashe da kuka.

Filibus ne saurayinta, malamin asibiti, an kusa sa musu rana. Da iyayen suka haɗu a mako na gaba, zancen aure ya koma gardama.

"Yesu cewa ya yi gurasar nan jikinshi ce," in ji Inna Iyatu, mahaifiyar Filibus. "Bai ce hoton jikinshi ba!"

"Ai ya ce shi ƙofa ne kuma," Baba Ishaku ya mayar. "Katako ne ke nan? Gurasa gurasa ce, don tunawa muke ci."

Inna Iyatu ta ja mayafinta. "Ɗana ba ya auren wadda ba su ci a tebur guda."

Aka tashi baram-baram.

Kishi ya hana Rahila sakat. Duk Lahadi sai ta riƙa ganinsu a ranta, Filibus da Sisiliya a layi ɗaya. Da ya kira ta, ta ce, "Sori, ka kira abokiyar durƙusonka," ta kashe wayar.

Da damina ta yi nisa, ciwo ya kwantar da Inna Iyatu, aka kawo ta asibiti a Gummi, inda ba ta da kowa. Rahila ta wuni tana faɗa da zuciyarta, daga ƙarshe ta dama kunu ta tafi. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta. Sisiliya ta zo dubiya da lemo, Rahila ta ji kamar ta haɗiye garwashi, amma ta miƙa mata kujera.

Ran Lahadi Fada, limamin Katolika, ya kawo wa tsohuwar Jibi har gado. Inna Iyatu ta kasa tashi. Rahila ta tallafe ta a ƙirjinta har ta karɓa, ta goge mata baki, ita ba ta ci ba.

Tsohuwar ta riƙe hannunta, hawaye na zuba. "Ɗiyata, ban canza abin da na gaskata ba. Amma wanga hannu ba ni barin ya tafi wani gida."

Filibus, da ke tsaye bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Rahila, filis, Sisiliya 'yar cocinmu ce kawai. Ke nike so."

"To ka riƙa barin fili tsakaninku!" ta ce, tana dariya tana share ido.

An ɗaura aure bayan girbi. Har yau Baba Ishaku da Inna Iyatu ba su daina musun gurasa ba, sai dai yanzu jikarsu suke miƙa wa juna suna yi. 'Yan mata, kishi ba ya kawo wanda kike so kusa. Haƙuri da kyautatawa ne ke tausasa zuciyar da gardama ta kasa.