Bangon da Ya Yi Gumi

Akwai wata yarinya da ke zaune a Saint-Denis, arewa da Paris. Gidansu yana cikin wani tsohon bene, can sama. Su huɗu ne: ita, da Baba, da Inna, da Kaka.

Kai, da kun ga benen nan a wancan lokacin! Matakalarsa kullum tana ƙanshin soyayyar albasa. Maƙwabta suna gaisawa da harsuna iri-iri. Yara suna tsere daga ƙasa zuwa sama, manya suna yi musu faɗa. Wuri ne mai daɗin zama.

Aibinsa ɗaya ne, sanyi. Bangonsa siriri ne, tagoginsa sun tsufa. Ko an kunna shofaj, wato na'urar ɗumama ɗaki, sai ɗumin ya sulale waje.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Damagaram ta zo. Ɗakinsu ɗaya da yarinyar. In yarinyar ta dawo daga lakwal, wato makaranta, sai ta tarar da Kaka a naɗe cikin bargo biyu.

"Ƙawata, kin dawo?" in ji Kaka. "Zo ki ɗumama mini ƙafa. Ƙasarku ta ƙi ni."

"Kaka, ke ce dai raguwa," in ji yarinyar tana dariya.

"Ni ce raguwa? Ja'ira! Ai gidanku ne ba shi da riga."

Daga nan sai labari ya tashi. Kaka ta fi son labarin gidansu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Gidan ƙasa ne, mahaifinta ya gina shi da tubali. Kaurin bangonsa ya fi tsawon hannun yarinyar.

"Da zafi, cikinsa kamar bakin randa," in ji Kaka. "Da sanyi kuwa, kamar an goya ka a baya. Tagoginmu ƙanana ne. In sanyi ya yi yawa, sai mu toshe su da tsumma. Mu zauna muna gasa gyaɗa, Innata tana kaɗi."

Wani lokaci sai ta jawo akwatinta da ke jingine da bango. Ta fito da wani baƙin zanen saƙi mai sheƙi. Na mahaifiyarta ne. Ta kan kai shi hanci, ta lumshe ido.

"Shaƙa ki ji," in ji ta. "Wannan ƙanshin gidanmu ne."

Yarinyar tana son Kaka ƙwarai. Abin da take tsoro ɗaya ne, kada sanyi ya kori Kaka daga gidansu.

Baba yana da shagon atamfa da shadda kusa da tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yana da ƙanwa a Lyon, Gwaggo Halimatou. Ita ma ƴar kasuwa ce, a unguwar Guillotière. Wata ranar Lahadi ta kira shi a waya, suna cin abinci.

"Yaya, ina wuni? Ya sanyi? Ya tsohuwarmu?"

"Lafiya lau. Sanyi kam ga shi nan."

"To, na sha gaya maka. Ku haɗa ƴan kasuwar unguwarku kamar yadda muka yi. Ku je wurin hukuma. Ku ce a ƙarfafa doka, a sa masu tsofaffin gidaje su gyara su."

Baba ya yi dariya. "Halimatou, ni atamfa nake sayarwa. Ina ruwana da bangon mutane? Wannan aikin ƴan siyasa ne."

"Ba mahaifiyarka ce ke kwana a bayan bangon ba?"

"Bon, bon, sai an jima," in ji Baba. Ya ajiye waya.

Yarinyar ta ji komai. Ta ce a ranta, "In Baba ba zai yi ba, ni zan yi."

Washegari ta tsaya a ɗaki tana dube-dube. Ta ga wata ƴar kafa a saman taga. Ta sa hannu, ta ji iska tana shigowa. Ta sami wata a kicin, wata kuma a banɗaki.

"Ga ɓarayin ɗumi!" in ji ta.

Ta tuna yadda su Kaka suke yi a Birni. Ta buɗe buhun ƙyallayen da Baba ke kawowa daga shago. Ta hau kujera. Ta cusa ƙyalle a kowace kafa, ta danna sosai, yadda ba mai gani. Ba ta tambayi kowa ba.

Da yamma Kaka ta yaye bargo ɗaya.

"Yau kam ɗakin ya yi dama-dama," in ji ta.

Daɗi ya kama yarinyar. Ta ji kamar ta yi rawa.

Kwanaki suka wuce. Inna tana tuƙa tuwo, tururi yana tashi. Tana shanya wanki a cikin gida, don a waje ba ya bushewa. Ana alwala, ana wanka, ana dafa shayi. Duk wannan tururin ya rasa hanyar fita.

Gilashin taga ya fara zubar da ruwa. Bango ya fara gumi. Wani wari-wari ya soma tashi. Inna ta sa turaren wuta, amma warin bai tafi ba.

A lakwal, malamarsu Madam Afra ta yi musu darasi a kan gidaje.

"Gida yana numfashi kamar mutum," in ji ta. "Ƙananan kafofin nan su ne hancinsa. Kada kowa ya toshe su. In aka toshe, danshi zai taru, fumfuna ta fito a bango. Tana sa tari."

Yarinyar ta tuna ƙyallayenta. Ta ɗaga hannu.

"Madam, to in kakar mutum tana jin sanyi fa?"

"Sai a gaya wa manya, su nemi a gyara bango da tagogi. Akwai abin da kike son gaya mini?"

"A'a, Madam."

A hanyar gida ta yi niyyar cire ƙyallayen. Amma da ta shiga, ta ga Kaka zaune ba bargo, tana jan carbi. Sai ta fasa. Ta ce, "Bari dai sanyi ya wuce tukuna."

Wannan shi ne babban kuskurenta. Da farko ba ta sani ba. Yanzu ta sani, ta yi shiru.

Ba a daɗe ba Kaka ta fara tari. Tarin ya ƙi ci, ya ƙi cinyewa. Ranar Asabar Inna ta janye akwati don ta yi shara. Sai ta yi salati.

"Innalillahi! Ku zo ku gani!"

Bangon bayan akwatin ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Kaka ta buɗe akwatin. Ta fito da zanen mahaifiyarta. Ya yi fari-fari, ya yi tabo. Ta kai shi hanci, ta yi sauri ta kawar.

"Ƙanshin ya tafi," in ji ta a hankali.

Baba ya kai ta asibiti. Likita ya ce kada ta sake kwana a ɗakin sai an gyara shi. Gwaggo Halimatou ta zo ta tafi da ita Lyon.

Gidan ya yi shiru. Yarinyar ta kalli gadon Kaka, babu kowa. Abin da take tsoro ya faru, kuma da hannunta. Ta fashe da kuka. Ta hau kujera a gaban Baba da Inna, ta zaro ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ce," in ji ta. "Na so in yi kamar yadda ake yi a Birni. Madam ta ce ba kyau, amma na ɓoye."

Inna ta riƙe baki. "Ke! Me ya hana ki tambaya?"

"Na ga Kaka ta ji ɗumi."

Baba ya karɓi ƙyallayen, ya daɗe yana kallonsu. Na shagonsa ne.

"Kin yi laifi," in ji shi. "Laifinki ɓoyewa. Ke za ki taya Innarki wanke bangon nan tas. Amma ni ma ina da nawa. An gaya mini in tashi, na ce ba ruwana."

Da hutu ya zo, suka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Gwaggo tana zaune a saman shagonta na kayan yaji. Suna shiga, yarinyar ta cire rigar sanyinta. Gidan da ɗumi, kuma ba wari. Ga Kaka zaune tana ɓare gyaɗa, tarin ya yi sauƙi.

Yarinyar ta durƙusa a gabanta. "Kaka, ki yafe mini. Ni na ɓata zanenki."

"Na ji labari," in ji Kaka. Ta ja kunnenta kaɗan. "Mai kan ƙwarya! Bangonmu na ƙasa ne, yana shan danshi ya fitar. Ƙofarmu kuma a buɗe take wuni. A tsakar gida muke girki. Kin ɗauki maganin Birni kin ba gidan Faransa."

"Kin yafe?"

"Na yafe. Don ni kika yi. Amma gobe ki tambaya."

Gwaggo ta kama hannun yarinyar. "Zo ki ga yadda ake yi."

Ta fita da ita waje, ta ƙwanƙwasa bango. "Kin ji? An lulluɓe ginin nan da wani abu mai kauri, kamar bargo. Ɗumi ba ya fita, zafi ba ya shiga." Ta nuna mata taga mai gilashi biyu. Ta nuna mata kafar iska a buɗe. Sannan ta nuna saman bene, inda wasu baƙaƙen alluna ke sheƙi.

"Waɗancan suna kama hasken rana, su mai da shi lantarki. Ba hayaƙi, ba ƙazanta."

"Gwaggo, ke kika yi duk wannan?"

"Ni kaɗai? Ina! Mu ƴan kasuwar titin nan ne. Da mai burodi, da mai nama, da mai aski. Muka yi ta zirga-zirga wurin magajin gari da ƴan majalisa. Muka ce a tsaurara doka a kan tsofaffin gidaje, a kuma taimaka wa masu gyara. Muka ce mu ma za mu sa hannu a allunan rana. Sun daɗe suna ce mana mu dawo gobe. Mu kuwa ba mu gaji ba."

Baba yana tsaye yana saurare. Gwaggo ta harare shi.

"Mai atamfa, ka ce ba ruwanka da bango?"

"Ya isa, Halimatou," in ji Baba yana sosa ƙeya. "Ki koya mini kawai."

Da suka koma Saint-Denis, Baba ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce ba su da lokaci. Malam Yakubu mai sayar da waya ya ce, "Ni ma ɗana yana tari. Ina ciki." A hankali suka yi yawa.

Ranar da za a saurare su a ofishin magajin gari, Baba ya tafi da yarinyar. Ta riƙe zanen Kaka a cikin leda. Ƴan kasuwa suka yi bayani. Suka ce gida mai riƙe ɗumi ba ya shan wuta da yawa. Suka ce gyaran zai ba matasan unguwa aiki. Suka ce kayansu ma suna lalacewa da danshi.

Sai Baba ya ce, "Ƴata tana da magana."

Yarinyar ta miƙe, ta ɗaga zanen.

"Wannan na kakar Babana ne," in ji ta. "Ni na toshe hancin gidanmu, don Kakata tana jin sanyi. Na yi kuskure. Amma da gidan yana da riga, da ban yi ba. Don Allah a sa wa gidajenmu riga, Kakata ta dawo."

Sannan Malam Yakubu ya fara tafi, kowa ya bi.

Ba a ranar aka gyara benen ba. Ƴan kasuwa sun koma, sun sake komawa. Kafin nan yarinyar da Inna suka wanke bango, aka yi fenti, aka bar kafofin iska a buɗe. Da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, Kaka ta dawo. Yarinyar ta ruga ta tare ta tun a matakala.

Daga baya magina suka zo. Suka lulluɓe bangon, suka canza tagogi, suka kafa allunan rana a sama.

Da sanyi ya sake zagayowa, yarinyar ta dawo daga lakwal ta tarar da Kaka ba bargo. Ta ɗaura baƙin zanen nan. An wanke shi, an turara shi, saura ɗan tabo kaɗan a gefe. Kaka ta dafa bango da tafin hannunta.

"Ƙawata, zo ki taɓa," in ji ta. "Kamar na Birni."

Yarinyar ta taɓa. Bangon a bushe yake, da ɗumi.

"To kawo gyaɗa," in ji Kaka. "Yau kam a gida muke."

Yara, ga darasinmu. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai da tambaya. In ka gane ka yi kuskure, kada ka ɓoye, faɗa da wuri. Kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a taru a yi shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.