Fuskar Iskar Arewa

Ranar da Nives ta fara ganin Danilo, zaginsa ta yi tun kafin ta san sunansa.

Tana kwance rigingine a kan katako, can sama dab da silin babban falon wani tsohon gida, da sirinji a hannunta, sai ta ji dandamalin ƙarafan da take kai ya girgiza.

"Wane ɗan iskan ne yake taɓa min ƙarafa?"

Wani saurayi mai faɗin kafaɗa ya ɗago kai daga ƙasa, sufana a hannunsa.

"Ranki ya daɗe, ni ƙusa nake ɗaure miki kar ki faɗo. 'Yan iska kuwa ga su nan har huɗu a saman kanki."

Ba ƙarya ya yi ba. Attajirin da ya gina gidan nan na birnin Trieste shekara ɗari biyu da suka wuce mai jiragen ruwa ne, arzikinsa duk a hannun iska yake, shi ya sa ya sa aka zana masa iskoki huɗu a silin, kowacce da siffar mutum mai fukafukai. Ga Zefiro na yamma, saurayi mai murmushi da furanni cike da rigarsa. Ga na kudu yana tuntsurar da tulun ruwa, ga na gabas ya ƙudundune a mayafi. A kusurwar arewa kuwa tsoho Borea ne, gemu buzu-buzu, kumatu a kumbure, ido jajir. Wannan fuskar ce ta fara rabuwa da silin, ita Nives take lallaɓawa tana gyarawa.

Ta so ta ci gaba da masifa, dariya ta ƙwace mata. Hakan ya ƙara ba ta haushi.

Danilo ɗan ƙauyen kan tsauni ne, cikin masu yaren Sloveniya, aikinsa kafa wa magina dandamali. Tun daga ranar ya ƙirƙiro wa kansa aikin duba ƙusoshi sau uku a yini. Da rana ya hau mata da kofi, su zauna ƙafafu na reto, fuskar tsohon na hararar su.

"Kin san wannan tsohon bai taɓa zuwa zance ba?" in ji shi wata rana. "An ce yarinya ya gani a bakin rafi, ya sure ta kawai ya yi arewa da ita."

"Da ni ce, da sai na tuge masa gemun nan tas."

"Na sani, Guguwata. Shi ya sa ni nake bi a hankali."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Guguwata, na iso gida. Mama ta ce wace ce take sa ni murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Na ce wata ce mai zagi da daɗin murya."

Ta mayar masa:

"Ɗan tsaunina, ka gaya wa Mama ban fara zagin ba tukuna. Ka kwana lafiya. Gobe kar ka cika sukari."

Tullio, mahaifin Nives, shi ne shugaban aikin. Shekara arba'in yana gyaran tsofaffin zane, duk garin an san hannunsa. Ranar da ya gan su zaune kafaɗa da kafaɗa ya bari sai da suka koma gida ta zuba masa miyar wake da kabeji, sannan ya ce:

"Nives, ban koya miki wannan sana'a don ki ƙare da mai ɗaure ƙarfe ba. Mutanen tsaunin nan ko gaisuwarsu ba irin tamu ba ce. Ga Corrado, ya yi karatu, ya san darajar aiki."

Corrado shi ne mataimakin Tullio, mai farar riga da ba ta taɓa ganin ƙura ba. Sau biyu yana kawo wa Nives furanni, sau biyu tana ba mai shara.

"Baba, in Corrado ya yi maka, ka aure shi mana."

Tullio ya buga cokali a tebur. "Ni kike gaya wa haka?"

"Kai ka fara."

Kwana uku ba su yi wa juna magana ba, sai dai ta aiki.

Wata bakwai Nives ta yi a kan fuskar Borea. Tana cusa ruwan farar ƙasa a bayan filastar ɗigo-ɗigo, tana jira ya kama, tana goge hayaƙin shekaru da auduga, har jan idon tsohon ya dawo. Sai ga hunturu, iskar Bora ta sauko daga tsauni kamar yadda ta saba, tana kifar da babura, mutane na tafiya suna dafa bango.

Wata safiya Nives ta tura ƙofar falon, ta tsaya cak. Tagar arewa a buɗe, ƙyaurenta na bugun bango. A silin, inda fuskar take, babu komai sai farin rami. Fuskar na ƙasa, a tarwatse kamar fasasshen kasko.

Ma'aikata suka taru. Wakilin masu gidan ya zo yana huci yana tambayar wa ya bar taga a buɗe. Tullio ya yi fari fat. Can ya ɗaga yatsa ya nuna Danilo.

"Shi ne yake rufe tagogi. Shi ya fita ƙarshe."

Nives ta juya. "Danilo, ka ce ƙarya ne."

Danilo ya dubi Tullio, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Magana nake maka! Wata bakwai! Wuyana, idona, bayana! Taga ɗaya ta gagare ka rufewa? Ashe gaskiyar Baba ne. Ɗan tsauni ba abin da ya sani sai dutse da akuya. Fita ka ba ni wuri!"

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari, babu mai gyaran tsohon gida da zai sake ba shi aiki.

Saƙo ɗaya ya turo mata:

"Na ji abin da kika ce. Ki kula da wuyanki."

Ta amsa:

"Kar ka sake rubuto min."

Ta yi kuka, amma kukan haushi ne. Ta durƙusa ta tsince gutsattsarin fuskar ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a faranti mai yashi. Corrado yana ta kewaye ta da kofi da "sannu Nives", tana ji kamar ta watsa masa.

A rana ta tara ta juya wani babban ɓalli, na kumatun tsohon, ta dubi bayansa. Sabon ruwan farar ƙasa ne ya daskare a wurin, mai kauri, ninki goma na abin da take sawa. Ga ramukan allura har biyar, a karkace, ba nata ba. Iska ba ta riƙe sirinji. Nauyin ruwa ne ya ɓamɓaro fuskar.

Ta tare Corrado a bakin matakala, ɓallin a hannunta.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni? Wallahi ban taɓa ba!"

"To wa? Ka faɗa ko yanzu in kira masu gida in ce kai ne."

"Ki dubi hannun babanki in yana shan kofi. Ni dai na gan shi ya hau ranar, bayan kin tashi."

"Ka gani, ka yi shiru aka kori marar laifi?"

"Nives, ai na ga kamar hakan zai fi mana…"

"Zai fi wa? Munafuki! Ko maza sun ƙare a duniya, kai dai a'a."

Ta sami mahaifinta a ɗakin aikinsa na gida. Ta ajiye ɓallin a gabansa.

"Baba, miƙo hannunka."

Ya ɓoye shi ƙarƙashin tebur kamar yaron da aka kama da sata.

"Miƙo, na ce."

Ya miƙo. Hannun na karkarwa kamar ganye.

"Shekara guda ke nan," ya ce a hankali. "Ban gaya wa kowa ba. Ranar nan na ce bari in gwada ko da sauran ƙarfina. Hannun ya ƙwace, ruwan ya tafi duka. Na buɗe taga ko iska za ta busar. Yaron ya shigo ya same ni na kasa saukowa, shi ya goyo ni har ƙasa. Na ce ya bar tagar, na roƙe shi kar ya gaya miki."

"Ya goyo ka a bayansa, da safe ka nuna shi da yatsa?"

"Tsoro na ji, 'yata. In aka san hannuna ya mutu, ni wane ne?"

"Kai ubana ne! Da hannu ko ba hannu! Amma yau ka sa na ji kunyar sunan da nake amsawa. Ka ce mutanen tsauni ba su san daraja ba. To ɗan tsauni ne ya rufa maka asiri, kai ɗan birni ka tona masa rami. Ni kuma ka bari na zage shi a bainar jama'a da kalmomin bakinka!"

Tullio ya kife fuska a tafukansa. Ba ta rarrashe shi ba. Ta ɗauki makullin mota.

A gonar inabin mahaifiyarsa ta sami Danilo, yana jera duwatsun katangar da iska ta rushe. Bai ɗago ba.

"Na san komai," in ji ta. "Me ya sa ba ka faɗa ba? Sakarya ka ɗauke ni?"

"Tsoho ne, ya roƙe ni yana hawaye. In tona shi a gaban 'yarsa da yaransa?"

"Ni kuma fa? Kwana tara ina tsanar ka a banza!"

Ya jefar da dutsen da ke hannunsa. Ba ta taɓa ganin fushinsa ba sai ranar.

"Ke kin tambaye ni a keɓe? Kin ja ni gefe kin ce Danilo me ya faru? Korar ba ta dame ni ba, Nives. Dutse da akuya! Tun ina makaranta nake jin wannan a bakin 'yan birni. Ban taɓa zaton zan ji a bakinki ba."



"Na yi kuskure," ta ce, hawaye na zuba. "Ka yafe min. Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba, amma ga shi ina bayarwa."

Ya juya mata baya. Sai ga Zdenka, mahaifiyarsa, ta fito daga kicin tana goge hannu a zane.

"Kun gama tara min maƙwabta? Kai, yarinya ta hawo tsauni a wannan sanyin, ka bar ta tsaye? Ke kuma 'yata, na ji haƙurinki, ya isa. Amma wanda ya ɓata sunan ɗana a gaban mutane, a gaban mutane zai gyara. Ki gaya wa babanki haka. Ku shigo, miya na hucewa."

Nives ta isar da saƙon ba ragi. Kwana biyu Tullio bai fita ba. A na uku ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tara ma'aikata da wakilin masu gida a falon nan, ya ɗaga hannunsa mai rawa kowa ya gani, ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Ya ce daga yau ya ajiye aiki, 'yarsa ce shugaba. Corrado ya sulale, ba a sake ganinsa a gidan ba.

Daga nan tsohon ya shiga motar haya ya hau tsauni shi kaɗai. Ya tsaya a ƙofar Zdenka, hula a hannu.

"Ɗana, na zalunce ka. Ba ni da bakin neman komai a wurinka."

Danilo ya jawo masa kujera. "Zauna, Baba. Ni ina da abin nema a wurinka."

Da yammar ranar wayar Nives ta yi ƙara:

"Guguwata, babanki ya ba ni ke. Ya ce in ta da masifa kar in dawo masa da ita. Kin yarda?"

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura:

"Na yarda, ɗan tsaunina. Amma har yanzu ina jin haushinka kaɗan. Ka zo ka ji sauran."

Wata biyar suka yi suna mayar da fuskar Borea mazauninta, shi yana riƙe, ita tana liƙawa, suna faɗa suna shiryawa. Tabo ɗaya ya rage a kumatun tsohon, Nives ta ƙi ɓoye shi da fenti.

Da kaka, bayan an gama tsinkar inabi, aka ɗaura aure a ƙaramin cocin ƙauyen. 'Yan birni suka cika ɓangare ɗaya, 'yan tsauni ɗaya, ana kallon juna a kaikaice, har aka fito tsakar gida aka fara kiɗa, layin da ya raba su ya ɓace. Da aka zauna cin abinci Tullio ya miƙe, ya fito da 'yar takarda daga aljihu. Sati uku ya yi yana koyon abin da ke ciki a ɓoye. Da yaren mutanen tsauni ya karanta, yana tuntuɓe a kowace kalma, tsofaffin ƙauye na gyara masa suna dariya suna share hawaye.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu gaskiya irin ta angon nan. In kun yi fushi, kar rana ta faɗi ba ku shirya ba."

Zdenka ta ɗora hannu a kan amarya, ɗaya a kan ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare."

Tsakar gidan gaba ɗaya ta amsa da amin.